Ranar da Na Daka wa Surukina Tsawa a Hanyar Wurno

Surukina bai taɓa cewa ya ƙi ni ba. Da ma ya faɗa da na huta, don da na san inda zan kai kuka. Abin da ya yi kawai shi ne ya riƙe mini mata.

Ta tafi gidansu a Goronyo goyon ciki kamar yadda kowace mai haihuwar fari ke yi. Ta haifi namiji, aka yi suna, aka gama wanka, aka yi arba'in. Ni ina Wurno ina ta rawar kai, har sabon daɓe na sa aka yi wa ɗakinta. Wata uku shiru, wata biyar shiru. Duk wanda na aika sai ya dawo da magana ɗaya, wai tsoho ya ce a ƙara haƙuri, yaron bai yi ƙwari ba. Yaron da na ji labarin har ya soma zama! Daga ƙarshe ƙanen tsohon ya ji tausayina, ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Wansa ya ce ba zai mayar da 'yarsa da jikansa gidan ɗan mota ba, mutumin da ya bar wa ƙannensa gonar ubansa yana yawo bisa ƙarfe. In ina son iyalina, in ajiye makulli in koma gona.

Wannan suna na ɗan mota shi ya fi ƙona mini rai. Shekara shida na yi a garejin wani Bayarabe a Gusau, ina kwance ƙarƙashin motocin gyaɗa, har na iya jin ciwon inji da kunne kafin a buɗe shi. Da mahaifina ya rasu na dawo gida na kama noma, a lokacin aka ɗaura mini aure, tsoho ya ɗauka na shiryu. Sai wani attajirin fatu ya sayi kitika, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya rasa mai tuƙa ta, aka nuna masa ni. Zamanin Turawa ne, sai ka wuni a hanyar Goronyo ba ka ga wata mota ba in ba ta Bature mai rangadi ba. Ni ne direba, ni ne makaniki, ni ne karen motar, don maigidan ya ce motar ta yi ƙanƙanta a ciyar da mutum biyu a kanta. Ina alfahari da aikina, ba kuma zan ɓoye ba. Amma a wurin surukina, wanda ya tsufa a fadama tsakanin albasa da jirgin fito, duk wannan bai kai darajar kunya ɗaya ta gero ba.

Wanda bai san surukuta irin tamu ba, ba zai gane wuyar abin da zan faɗa ba. Ba na cin abinci inda yake. Ba na kallon idonsa. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa gefe, in kuwa na hango shi da wuri sai in sake lungu. Sunansa bai taɓa fita bakina ba har yau da yake ƙasa, shi ma bai taɓa kiran nawa ba. In magana ta zama dole, sai a nemi na uku a gaya masa, ko da muna zaune a zaure ɗaya. To mutumin da ba ka iya yi wa magana, ta ina za ka bi ka nuna masa kai ba shashasha ba ne?

Wata safiya cikin bazara ina Goronyo ina ɗaure fatun da zan kai Rabah, sai ga ƙanen nan nasa da sauri. An aiko yayarsu da ke aure a Rabah tana kwance, jiki ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai surukina. A kan jaki, sai gobe ya isa, in ma ya isa da rabon ganawa. Ya ce in taimaka in ɗauke shi. Na ce to.

Ya fito da butarsa da 'yar jakar fata da kwalbar man gyaɗa da zai kai mata. Na buɗe masa ƙofar gaba na durƙusa. Ko kallon ƙofar bai yi ba. Ya kama ƙarfe ya haye baya, ya zauna bisa fatu ya miƙe ƙafafu, ya gwammace wari da rana da ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ni. Gaskiya ni ma na ji daɗin hakan, don ban san yadda zan sa giya gwiwata na gogar tasa ba.

Hanyar a lokacin gargada ce zalla, in ka fita daga yashi ka faɗa tsakuwa. Na yi ta lallaɓawa, kowane rami sai na yi masa sannu a zuci. Mun wuce rabin hanya, hantsi ya ɗaga, sai garken shanu ya ɓullo daga cikin sabara yana tsallakawa. Na ɗora ƙafa a birki. Maimakon ya tare ni kamar kullum, sai na ji ƙafata ta lume, kamar na taka ɗanyen kashin shanu. Motar ba ta ko rage gudu ba. Na buga matakin birkin sau uku da sauri, ya taso, ya kama, muka tsaya saura taku biyu tsakanin hancin motar da wata farar saniya. Bafillatanin da ke korarsu ya ɗaga mini sanda, ban sani ba ko gaisuwa ce ko zagi.

Tsoho bai lura da komai ba, ya ɗauka haka ake tsayawa. A nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi. In na ci gaba da giya ta biyu, ina bugun birkin tun daga nesa, ga birkin hannu, wataƙila mu isa ba wanda ya sani. In kuwa na tsaya a daji na shige ƙarƙashin mota, to na ba shi hujjar da yake nema da hannuna: ga ɗan mota, ga ƙarfensa ya mutu a hanya, ga yayarsa na jiran ganinsa. Sai dai na san gangaren da ke gabanmu wajen Wurno, wanda ke sauka fadama. Na san mata da jakuna da ke binsa da kayan albasa, kuma motar cike take. Na tuna fuskar matata in aka ce mata ni na kifar da ubanta. Na karkata gindin wata tsamiya na kashe inji.

Na sauko na durƙusa ta gefen taya, na dubi ƙasa, na yi magana da iska tunda ba na uku.

"A yi haƙuri, a gaya ma Baba birki ya yi laushi. Sai an duba."

Shi ma ya dubi tsamiya ya ba ta amsa. "A tambayi mai wagga mota, mi na na birki?"

"Abin da ka tsai da ita, Baba."

"To ai ga ta tsaye."

Na tashi na kama aikina.

Birki mai laushi ba a yi masa gaggawa, sai ka tambaye shi ya gaya maka ciwonsa. Na zauna na taka shi sau ɗaya, ya tafi har kusa da katako. Da takalman birkin ne suka cinye, zai yi nisa, amma in ya kama sai ya kama da tauri. Wannan ko a ƙarshensa laushi ne da shi. Na buga shi sau uku, ya taso, na sake shi na ɗan jira, ya koma yadda yake. Wannan alamar iska ce a cikin bututu. Na sake bugawa na danne ban ɗaga ba, sai na ji yana sulalewa a hankali ƙarƙashin tafin ƙafata. Wannan kuma alamar mai na fita ta wani wuri. Na ɗaga katakon da direba ke ajiye ƙafa, na buɗe 'yar tukunyar man birkin, na leƙa. Saura kaɗan a ga gindinta.

Mai ba ya ƙaura haka kawai, duk inda ya bi sai ya bar sawu. Na bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya ina shafa bayansu da hannu. Uku a bushe suke ƙayau. Ta baya ta hagu kuwa ƙura ta daskare mata baƙi ƙirin, na sa yatsa na ji danshi, na sansana, shi ne. Na goge wurin tas da tsumma, na je na buga birkin, na dawo da gudu na kwanta, na ga ɗigon yana tsattsafowa daidai inda bututu ke haɗuwa da ƙafar. A wurin akwai wani ɗan zobe na jan ƙarfe da ake matsewa tsakani don ya toshe. Gargada ta sassauta notin, zoben kuma ya tsufa ya ƙandare. Na ƙara matsewa da sifana, ya rage amma bai daina ba. Ba ni da sabo, mafi kusa kuma yana kanti a Sakkwato.

Sai dai Bayaraben nan bai ci shekaruna shida a banza ba. Jan ƙarfe in ya ƙandare, ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma a ruwa, sai ya dawo da taushinsa ya sake kama wuri. Na fiƙe ɗan itace na toshe bakin bututun don kada sauran man ya zube, na ciro zoben, na tara kirare. Sai wuta. Akwai ashana a aljihuna, amma tana kwance tare da kwalin taba, kuma da in fito da taba gaban surukina gara motar ta kwana a nan. Ina tsugune ina ta juya kirare kamar mai neman wani abu, sai na ji ƙaf, wani abu ya faɗo kusa da ni. Ƙyastunsa na kunna wuta ne ya jefo daga saman fatu, fuskarsa na kallon gabas.

Na hura wuta, na riƙe zoben da waya har ya yi jajir, na tsoma shi a ruwan da na ɗiba a murfin gwangwani, ya yi cuu. Na goga shi a kan sifana har fuskokinsa suka yi sumul, na mayar, na matse. Na taka, na dawo na duba, ko ɗigo babu. Da ni kaɗai ne da na yi kirari.

Saura babban aikin, fitar da iska. Tunda tukunyar ta kusa ƙafewa, iska ta bi duk bututun huɗu. A bayan kowace ƙafa akwai ɗan ƙaramin noti mai huji, wanda muke kira nono. Mutum ɗaya zai zauna ya buga birki ya danne, ɗayan yana ƙasa ya kwance nonon, mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan na sama ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin a ɗaure, iskar da ta fita za ta koma da 'yan uwanta. Aiki ne na mutum biyu, ba dabarar da za ta mai da shi na ɗaya da abin da ke hannuna. Man birkin da nake da shi rabin gwangwani ne. Na dubi hanya gabas da yamma, Bafillatanin ya yi nisa, ba kowa sai rana.

Na durƙusa na sake yi wa iska magana. Na ce a gaya wa Baba, in ba zai zama rashin kunya ba, ana bukatar wanda zai taka wani abu.

Ya sauko, ya zagayo, ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin ƙofar motar kamar zai shiga ɗakin mutane, ya hau kujerar direba. Na nuna matakin da tsinke, don ba zan nuna masa da yatsa ba. Na zuba mai a tukunya, na shige ƙarƙashi ta ƙafar da ta fi nisa, ina kwance rigingine a gaban surukina, ƙafafuna a waje.

"In an ga dama, Baba, a ɗan taka, kamar sau ukku, sannan a dakata bisa."

Ya taka, da ƙarfi kuwa, ƙafar mai fadama ce. Na kwance nonon, mai ya feso da kumfa. To da zarar an kwance, matakin kan faɗa ƙasa gaba ɗaya. Na san da haka, ya kamata in ce masa kada ya ɗaga, amma bakina ya kasa furta "kada" ga wannan mutumin. Da ya ji abu ya zube ƙarƙashin ƙafarsa sai ya zaci ya karya, ya fizge ƙafar yana salati. Da kunnena na ji nonon ya tsotsi iska.

Na ɗaure, na fito, na ƙara mai, na yi bayani mai tsawo ina kallon takalmansa. Muka sake. Wannan karon na ce zan yi masa kashedi a kan lokaci. Ina kwance nonon na soma: "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, sannu da ƙoƙari, in babu takura a ci gaba da..." Shi kuwa da ya ji sannu sai ya ɗauka an gama, ya ce, "Yauwa, sannu kadai," ya ɗaga ƙafa.

Na kwanta a wurin ina kallon cikin motar, zufa na shiga mini ido. Na girgiza gwangwanin. Abin da ya rage zai isa ƙafa huɗu in ba a sake ɓarna ba, in an sake kuwa shi ke nan. Haushi ya kama ni, kuma ban san wanda zan ji wa ba. Tsoho ya yi iyakar abin da aka ce masa. Ladabina ne ke zubar da man.

Da ya ji ƙarar gwangwanin ya gane. Sai ga kwalbar man gyaɗa ta leƙo ta ƙofa. "A ba shi wanga shi ƙara. Mai dai mai na."

"A'a, Baba."

Maganar ta fita kafin in tare ta. Tunda aka ɗaura aure ban taɓa ce masa a'a ba. Na yi sauri na ƙara da cewa akwai robobi a ciki da ba su shiri da kowane mai sai nasu, in an haɗa, yau motar ta tsaya, wata rana ta ƙi tsayawa da mutane a gaba. Na ce a raina, shi ke nan, na rasa birki na rasa mata.

Sai na ga ƙafafunsa sun sauko ƙasa, ba takalmi. Ya zagayo ya tsuguna daidai kaina, ya leƙo ƙarƙashin motar. Karo na farko a rayuwata muka haɗa ido, ni a kwance fuska duk baƙin mai.

"Kai yaro," ya ce, ni ya ce wa, ba tsamiya ba. "Mi kaka so in yi? Hwaɗa min kai tsaye."

Na gaya masa. Na ce kamar salka ce da aka cika rabi ruwa rabi iska, in ka matsa iskar ce ke lotsawa, ruwan bai fita da ƙarfi. So muke mu kore iskar, kuma duk lokacin da ya ɗaga ƙafa bakin na buɗe, sabuwa yake shigarwa.

Ya gyaɗa kai. "To don mi kaka yi min waƙa? Na yi shekara talatin ina hito da mutane gulbi. In ruwa ya cika, wanda ar riƙe da gora shi ka magana, ko ubanai na cikin jirgi. In nic ce zauna, zama aka yi, ba ni cewa don Allah. Yau gora na hannunka. Yayata na can tana jirana. Ka yi magana in ji."

Ya koma ya hau. Na sa sifana a nonon, na cika ƙirjina da iska, na rufe ido.

"Taka!"

Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan akuya.

"Ban jiya ba!" in ji shi.

"Taka! Taka! Taka! Riƙe!"

Na kwance, kumfa ta fito tana tsartuwa, matakin ya faɗa, ƙafarsa ba ta motsa ba. Na ɗaure. "Saki!" Ya saki. Muka sake, muka kuma sakewa, a karo na huɗu man ya fito sumul, ba ko ƙwayar kumfa. Na fito na ƙara mai a tukunya don kada ta ƙafe, na koma ƙafa ta biyu. Kafin mu gama da ita mun sami kiɗanmu, ni da tsawa shi da ƙafa, har ya soma amsa mini da "Na riƙe!" kafin in tambaya.

Muna kan ta uku na ji takun jaki ya tsaya. Ta ƙarƙashin mota na hango ƙafafun mutum, da ya yi magana na gane muryar. Wani dattijo ne maƙwabcin surukina a Goronyo, mutumin da in ya ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a masallaci uku. Ya iso daidai ina kwarara "Riƙe, kada ka ɗaga!"

"Subhanallahi! Wa nika ji haka? Ba mijin ɗiyarka na ba? Kai aka yi ma wagga tsawa kana zaune?"

Nonon na buɗe a hannuna, mai na fita, in tsoho ya juya ya ba shi amsa ƙafar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Sai da na ɗaure na ce saki, sannan na ji muryarsa, a natse.

"Malam, wuce da jakinka, aiki muka yi. In kana da ƙahwa mai ƙwari ka tsaya ka karɓe ni, in babu, Allah shi kiyaye hanya."

Jaki ya wuce. Ina ƙarƙashin mota ina murmushi ni kaɗai, har ƙasa ta shiga mini baki.

Da muka gama ta huɗu, abin da ya rage a gwangwanin bai fi cokali biyu ba. Na goge hannu na ce ya taka sau ɗaya ya ji. Ya taka, matakin ya tsaya tun a sama, ya ƙara danna shi da dukkan ƙarfinsa har kujera ta yi ƙara, bai motsa ba. Ya ce, "Af, yanzu ya yi gardama." Na karɓa na danne shi da kaina na tsawon karanta Fatiha uku, bai sulale ba ko kaɗan. Na sake zagaya ƙafafun huɗu da tsumma, duk a bushe. Na kashe wutar da ƙasa, na miƙa masa ƙyastunsa da hannu biyu.

Bai koma bisa fatu ba. Ya ɗauko takalmansa ya matsa ɗaya kujerar ya zauna, ya rungume butarsa. Da muka iso kan gangaren na sa giya ta biyu muka fara sauka, ga kuwa ayarin jakuna da buhunan albasa sun cika hanya, wata tsohuwa a tsakiyarsu tana tafe ba ta ko waiwaye. Na taɓa birki, motar ta tsaya cak da duk nauyinta, ta jira har suka ba mu wuri. Ta gefen ido na ga ƙafarsa ta dama ta danne katako, shi ma yana taka nasa birkin.

Mun bi ta bayan Wurno ban ko tsaya gida ba, muka isa Rabah ana shirin la'asar. A ƙofar gidan yayarsa maza suka taso daga zaure, suka ce tana nan da rai, tun safe take tambaya ko ya iso. Ya sauko ya sa takalmansa. Ni kuma na koma inda na saba, na durƙusa gefen taya na dubi ƙasa, don abin da aka yi a gindin tsamiya na san a can aka bar shi. Na ɗauka zai shige. Sai na ga takalman sun tsaya a bakin zaure. Ya kira babban ɗan yayar tasa, ya yi masa magana da ƙarfi yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"A gaya ma mai wagga mota, ran da nik koma gida shi taho Goronyo da igiya mai ƙwari. Kayan ɗiyar ga sun yi ma jaki yawa." Ya ƙara da cewa, "Amma kahin a sa min jika ciki, sai an sake duba birkin ga gabana. Ni ka takawa."

Na ce wa ƙasa, "To, Baba."

Na ja motar zuwa inda zan sauke fatu, amma ban kai ba sai da na tsaya a bayan gari. Na yi dariya har hawaye suka zubo, ban kuma ji kunyar kowa ba. Na gyara motoci masu yawa bayan wannan, har da na Turawa da suka gagari masu takarda, amma ba aikin da nake ji da shi kamar wannan ɗan zoben da ƙafa huɗun nan.

Surukina ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Ban sake ɗaga murya a gabansa ba, ban taɓa cin abinci inda yake ba, bai kuma sake yi mini zancen gona ba. Sai dai duk direban da ya tsaya Goronyo yana kukan birki, tsoho kan taso daga inuwa ya taka matakin da kansa, ya gaya masa iska ce ko ba iska ba, sannan ya turo shi Wurno wurina. Da yawa sun iso suna tambayata ko dattijon nan tsohon makaniki ne. Nakan ce musu e, tare muka yi aiki.